'Yata Ta Ce Babanta Na Waya Ya Zo Ya Kori Mijina

Anti, mijina ya iso. Yana raye, ƙafa biyu hannu biyu, yanzu haka yana ɗakina yana gyara mana ƙofar kabad, kuma 'yarmu ta ce ba ta san shi ba. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin ƙarshen watan nan, domin akwai motar da ke jiransa, ni kuma ba na so ya hau.

Ki yi haƙuri in na yi ta kwana-kwana, murna ce ta hana ni tsara zance. Shekara uku da wani abu rabona da shi. Ranar da yaƙi ya shigo unguwarmu, ya ɗora ni a bayan wata babbar mota, ya miƙo mini jaririya, ya ce zai koma ya ɗauko mahaifiyarsa su biyo mu. Kafin ya juyo an rufe hanya. Tsohuwar ta rasu a hannunsa, Allah Ya jiƙanta, shi kuma ya yi ta yawo daga wannan mafaka zuwa waccan. Ni da yarinya muka sha zaman tanti, daga baya aka ba mu ɗaki ɗaya da ɗan kicin a hawa na biyu na wani tsohon bene, na samu aikin wanki da guga a wani otal. Ba na ƙorafi, na ga waɗanda ba su samu ko rabin haka ba.

Abin da ya riƙe mu duk tsawon lokacin nan waya ce. In ya samu layi sai ya kira. A wani sito yake zaune da maza da yawa, kowa da damuwarsa, saboda haka sai ya shiga cikin bargo ya yi magana ƙasa-ƙasa, kamar mai raɗa. Shi ya laƙaba wa yarinyar suna Kanari, don tun ba ta iya haɗa kalma biyu ba take cika masa kunne da surutu. Da ta fara wayo, in ta ce ina Baba, sai in nuna wayar in ce ga shi nan. To me zan ce wa 'yar shekara biyu? Kafin in ankara, waya ta zama mutum a gidan. Tana da wurinta a kan filo. In za mu ci abinci ana jingina ta da kofi, Kanari ta kai mata cokali. In caji ya ƙare, Baba ya yi barci. In na jona ta, Baba yana cin abincinsa, kada a dame shi. Ranar da ta faɗi gilashin ya tsage, kuka ta yi har ta shiɗe, sai da na manna wa wayar filasta. Filastar tana nan har yau.

Ranar da zai sauka, na yi mata kitso, na sa mata rigar da ta fi so, muka tafi tasha tana rungume da wayar. Anti, ni kaina sai da na duba sau biyu. Hoton da muke da shi na wani mutum ne mai kumatu, ba gemu. Wanda ya sauko daga mota ya rame kamar tsinken tsintsiya, ga gemu har da furfura, mutumin da bai kai talatin da biyar ba. Kuma bai taɓa gaya mini cewa ƙarar wani abu da ya fashe kusa da shi ta kashe masa kunnen hagu ba. Yanzu in yana magana bai san ihu yake yi ba. Ya durƙusa, ya buɗe hannu, ya kira sunanta, duk tashar ta waiwayo. Ita kuwa ta ɓuya a bayan zanena, ta kara waya a kunne, tana gaya wa Babanta cewa ga wani mutum nan yana yi mata tsawa.

Tun daga ranar sunansa Baƙo. Ba ta yi masa rashin kunya, na koya mata gaisuwa kuma tana yi. Ta gaishe shi da safe, sannan ta tambaye shi cikin ladabi yaushe zai koma gidansu. Ba ta yarda ya ɗauke ta. In ya ba ta alewa sai ta kawo mini in duba. Ina ganin yadda fuskarsa ke yi, yana murmushi amma ido ya kaɗa.

Ga inda abin daɗin ya fara. Wata rana ya sauka sayen ƙusa, ya kira ni daga bakin titi zai tambayi wani abu. Kanari ta fizge wayar. Shi kuma da ya ji muryarta a kunnensa mai ji, sai tsohuwar muryarsa ta dawo da kanta, raɗa-raɗan nan na cikin bargo. Anti, da kin ga tsalle! Baba ya dawo, Baba ya tashi daga barci! Suka yi ta hira har ƙusar ta manta da shi. Ya hawo yana haki, bakinsa har kunne, ita kuma ta kalle shi sama da ƙasa ta ce masa ya yi a hankali da ƙofa.

Shi ke nan muka samu hanya. Kullum in na dawo daga aiki sai ya ce zai ɗan sha iska, ya fita ya zauna a matakala tsakanin hawanmu da na ƙasa, ya kira 'yarsa da ke bayan bango. Kuma kin san me take yi? Ƙarar Baƙo take kai masa. Wai Baƙo yana minshari. Wai Baƙo ya cinye burodi. Wai ƙafarsa ta yi girma, ya cika ɗaki, ya ƙwace mata wurin kwanciyarta kusa da Mama. Ta tambaye shi yaushe zai zo ya kore shi. Ina ji ya ce mata ta yi haƙuri da shi, mutumin kirki ne. Ta ce, "Kai ba ka san shi ba ne, Baba." Na toshe bakina da zane don kada ta ji dariyata, na leƙa ta taga na ga kafaɗunsa suna rawa, ban san ko dariya yake ko kuka ba. Ina jin duka biyun ne.

Akwai wata tsohuwa a hawan ƙasa, Iya muke ce mata, bakinta ba linzami. Ta same shi a matakala ta ce, wai ango, daga zuwa har an koro ka, me ka ɓata? Da ta gane abin da ake ciki sai ta koma ɗaki ta ɗauko masa matashi. Yanzu ita ce mai gadi, in yaran bene za su wuce da gudu sai ta ɗaga musu sanda, wai ana kiran ƙasar waje.

Mijina kafinta ne. Kanari ta roƙi Babanta na waya ya aiko mata da kujerar 'yar tsana. Washegari ya je shagon katako da ke ƙarshen layinmu, ya roƙi guntaye, ya zauna a tsakar ɗaki ya fara aiki. Da farko daga bayan labule take leƙe. Can sai ga ta kusa, can sai ga ta tana miƙa masa ƙusa ɗaya-ɗaya. Da yamma ta kai rahoto: wai Baƙo ya yi kujera, ba laifi, amma da Baba ne ya yi da ta fi haka kyau. Mutumin nan ya shigo yana cewa tunda yake sana'a bai taɓa yin gasa da kansa ya sha kaye ba sai yau.

Shekaranjiya kuwa wani abu ya faru da ya hana ni zama. Suna cikin hira tari ya sarƙe shi, ashe ban rufe ƙofa sosai ba. Ta ji tarin a waya, ta ji shi a waje. Ta cire wayar daga kunne, ta kalli ƙofa, ta taka a hankali ta leƙa. Ban san me ta gani ba, don na kasa motsi. Ta dawo ta zauna, sannan ta ce, "Baba, ka sha magani." Ba ta tambayi kowa komai ba. Amma da muka zo cin abinci, ta tura wa Baƙo kofin ruwanta. Anti, kamar in fita titi in taka rawa!

To ga matsalar. Kawunsa, wanda ya riga mu fitowa ya zauna da gindinsa, ya samo masa aiki a kamfanin gine-gine a wani gari mai nisa. Albashi mai kyau, amma zuwa gida sai jefi-jefi. Motar ma'aikata za ta tashi ƙarshen wata. Mijina ya ce namiji ba ya zama yana cin gumin gugar matarsa. Sannan ya ƙara da wata magana cikin wasa, wadda ba wasa ba ce: wai ai a waya aka fi son sa, gara ya koma inda yake da daraja. Mai shagon katako ya ce wataƙila ya ɗauke shi, amma bai yi alkawari ba, kuma abin da zai bayar bai taka kara ya karya ba. Iya ta ce a daina wahalar da bawan Allah, a kama hannun yarinya a kai ta matakala ta gani da idonta. Abokiyar aikina ta ce a ɓoye wayar gaba ɗaya, in ta rasa na waya dole ta rungumi na ɗaki.

Kuma bari in faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Ni ma na fi sakewa da shi a waya. A ɗaki sai mu yi ta kunyar juna kamar sababbin aure, ina zuba masa shayi ina kallon ƙasa. Har yau bai ba ni labarin rasuwar mahaifiyarsa ba, ni ma ban ba shi na zaman tanti ba.

Mu ci gaba da wasan matakala ko yaudarar yarinya muke yi? In hana shi tafiya, ko son kai ne? Na jira shi shekara uku, ba na so in mayar da shi cikin waya da hannuna.

Taki,
Maman Kanari

AMSA

Maman Kanari, barka da arziki. Wasiƙu da yawa suna zuwa mini daga waɗanda yaƙi ya raba, kaɗan ne ke farawa da "ya iso". Na karanta taki ina dariya, na kuma karantawa a natse, ga abin da na gani.

Da farko ki sauke nauyin da kike shirin ɗora wa kanki. Yarinyar nan ba ta ƙi mahaifinta ba. Son sa take yi sosai, har tana neman ya zo ya kare ta daga wani ƙato da ya shigo musu ɗaki. Ana cewa gani ya kori ji, amma ita da ji ta girma, saboda haka a wurinta ji ne ya kori gani. Kin ba ta uba a lokacin da ba uban da za ki nuna, kuma dabarar ta yi aiki. Abin da ya rage shi ne a haɗa mata muryar da mai ita.

Shawarar abokiyar aikinki ki ajiye ta gefe. In kika ɓoye wayar, a idon Kanari zuwan Baƙo ne ya kashe Baba, kuma ba za ta yafe masa da wuri ba. Iya ta fi ta kusa da gaskiya, sai dai ta yi gaggawa. Yaron da aka ja da ƙarfi zuwa ga abin da yake tsoro, jan yake tunawa. Kuma ga dukkan alamu ba kya buƙatar kai ta matakala, ta riga ta kai kanta. Wadda ta ji tari biyu, ta leƙa, ta ce wa na waya ya sha magani, sannan ta ba na ɗaki ruwa, ta gama lissafinta. Tana dai juya amsar ne a ranta, tana duba ko in ta karɓi wannan za ta rasa wancan. Ku ba ta lokaci ta tabbatar ba za ta rasa kowa ba.

Amma kin yi tambaya mai kyau game da yaudara, kuma ba zan rufe ki ba. Wasan matakala gada ce, ba a gina ɗaki a kan gada. Daga yau Baba na waya ya daina maganar Baƙo kamar wani mutum dabam, kuma kada ya sake cewa yana nan zuwa. In ta ce yaushe zai zo, ya ce ya zo, yana kusa da ita. In ta kushe kujera, ya ce shi ya yi ta, kuma ita ce ta miƙa masa ƙusa, ya faɗi abin da ta sa a ranar. Ba sai ya matsa mata ta amsa ba, ya faɗa ya wuce. Sannan a riƙa rage tazarar. Yau matakala, bayan kwana biyu bakin ƙofa a buɗe, daga nan cikin ɗaki ya ba ta baya, har ranar da wayar za ta kasance a kunnensa a kashe, yana magana tana ji. In ta ja baya, ku ma ku ja, gobe a sake. Sannu ba ta hana zuwa.

Muryar ita ce mabuɗin. Babanta raɗa yake yi, Baƙo tsawa yake yi. Ku yi wata alama tsakaninku, ko taɓa kunne ko ɗaga yatsa, da za ki nuna masa in sautin ya hau. Ya riƙa zama yana ba ta kunnensa mai ji. Kuma ya je asibiti a duba na hagun, kada ya ce ai ya saba. Ki gaya wa Kanari gaskiya daidai wayonta, cewa kunnen ya ji ciwo kamar yadda gilashin waya ya ji. Yarinyar da ta manna wa waya filasta ta san abin da ake yi wa mai ciwo.

Ki kuma lura da ƙarar da ta kai: an ƙwace mata wurin kwanciya. Wannan ba shirme ba ne. Shekara uku ke da ita ne kawai, rana ɗaya aka ce ta matsa. Kafinta yana gida, ya yi mata ɗan gadonta, ita ta zaɓi inda za a ajiye, ita ce mai miƙa ƙusa. Sannan ki sakar masa wani aiki nata guda ɗaya ya zama nasa shi kaɗai kullum, ko sa takalmi ko rakiya zuwa shago, ke kuma ki kau da kai ko da ya sa na dama a hagu. Sabo ba ya zuwa da lallashi, da maimaici yake zuwa.

Yanzu maganar mota. Kada ki raina damuwar mijinki. Mutumin da ya rasa gida, ya binne uwa, ya zo ya tarar matarsa ta tsayu da ƙafarta, 'yarsa kuma tana tambayar yaushe zai tafi, dole ya nemi inda zai ji yana da amfani. Aikin Kawu ba abin wasa ba ne, kuma iyali ba sa cin soyayya su ƙoshi. Amma maganar da ya yi cikin wasa ita ce ta nuna mini ba don albashi kaɗai zai hau motar ba, akwai gudun ciwo a ciki. In ya tafi yanzu, Kanari za ta fahimci abu ɗaya: ta kai ƙara, an kori Baƙo, Baba ya ci gaba da zama a waya. In ya dawo, daga farko za a sake, kuma a lokacin ta ƙara wayo da taurin kai.

Saboda haka ba na ce kada ya tafi har abada ba, na ce kada ya tafi a wannan motar. Ya je wurin Kawu da kansa, ya yi godiya, ya roƙi a ɗaga masa zuwa wani zubin. Kamfanin gine-gine ba ya rabuwa da neman kafinta. Kafin nan ya ɗauki kujerar 'yar tsana ya kai wa mai shagon katako, aikin hannu ya fi dogon bayani. In daga baya tafiyar ta zama dole, ya tafi bayan ta san wanda ke tafiya, ya sallame ta ido da ido, ya faɗa mata lokacin dawowa, ya kuma cika. Uban da ya yi tafiya dabam yake da uban da bai taɓa isowa ba.

Ke kuma, ba son kai ba ne ki ce masa kina so ya zauna. Ki faɗa masa da bakinki, kada ki fake da yarinya. In kunya ta hana ki a ɗaki, ai kin san inda matakala take. Ki bar Kanari wurin Iya, ki kira shi, ku fara da muryar da kuka saba, ku ƙarasa a zaune kusa da juna. Labarin mahaifiyarsa da na tantinki suna jiran ku, kuma yarinya tana karanta fuskokinku fiye da yadda kuke zato. Ranar da ta ga uwarta ta saki jiki da mutumin nan, rabin aikin ya ƙare. In kuma kin ga ba ya barci, ko yana firgita, ko shirun ya yi yawa, ku nemi ma'aikatan lafiya da ke kula da waɗanda suka fito daga yaƙi. Ba abin kunya ba ne.

Allah Ya sanya albarka a wannan haɗuwa, Ya jiƙan tsohuwa, Ya raya Kanari, Ya buɗa wa kafinta ƙofar arziki kusa da gida. Ki gaida Iya mai gadi.

Ana shirin rufe shafin nan na kira lambar da ke jikin wasiƙar don in tabbatar da izinin bugawa, sai na samu ƙarin labari. Jiya Maman Kanari tana wurin aiki, uba da 'ya suka sauko za su shago, igiyar takalminta ta kwance a matakala. Iya ta rantse ta ji yarinyar ta ce, "Baba, ɗaura mini," kuma ba waya a hannun kowa. Shi ya ce ya ga bakinta ya motsa, ya durƙusa ya ɗaura, amma ta gefen kunnen hagu take tsaye, ba zai yi shaidar abin da bai ji ba. Ya aika wa Kawu cewa ba inda za shi sai ya ji da kunnensa mai ji. An tambayi Kanari, ta ce ita tana da aiki, ta koma wurin 'yar tsanarta. Har zuwa lokacin da aka kai shafin nan wurin bugawa, shaida ɗaya ce, Iya.